Yadda Za Ka Bi da Ganawar Neman Aiki Idan Ta Zo da Abin da Ba Ka Zata Ba

Ganawar neman aiki ta farko da na taɓa shiga a Garwa, a arewacin Kamaru, aka yi ta, cikin watan Afrilu, lokacin da zafi yakan haura digiri 40 tun kafin azahar, kuma na tafi da amsoshin da na haddace kamar almajirin da zai ba da hadda. Aikin kula da sito ne a wata ƙungiyar agaji. Na zauna a gaban mutum uku, na miƙa takarduna, sai babbansu ya ture su gefe ba tare da ya buɗe ba, ya ɗaga kai ya dubi rufin ofishin, sannan ya ce mini cikin Faransanci: "Buhun gero nawa ne zai shiga wannan ɗakin?" Na yi dariya domin na ɗauka raha yake yi, shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Na ce Allah ne masani. Ya rubuta wani abu, ya gode mini, shi ke nan ganawar ta ƙare ko minti biyar ba a yi ba.

Daga baya na sami aiki a wani wuri, har ta kai ni ma ina zama cikin masu yi wa mutane tambayoyi a Marwa, kuma a nan ne na gane cewa baƙon abu a wurin ganawa ba daga tushe ɗaya yake fitowa ba. Wani gwaji ne da aka shirya da gangan, wani rashin tsari ne kawai na masu ɗaukar aikin, wani kuma tarko ne. Kowannensu da irin martanin da ya dace da shi, kuma yawancin waɗanda na ga sun faɗi sun faɗi ne saboda sun ɗauki wani a matsayin wani: sun fusata a inda ake gwada haƙurinsu, ko kuma sun yi ta haƙuri a inda ya kamata su tashi su kama gabansu.

Tambayar da ba ta da amsa ɗaya

Idan aka jefo maka tambaya irin ta buhunan gero, ka sani cewa mai tambayar shi ma bai san adadin ba, kuma ba adadin yake nema ba. So yake ya ji yadda kake tunani idan ba ka da takarda a gabanka. Saboda haka kada ka yi dariya, kada kuma ka yi shiru kana lissafi a zuci har shirun ya yi tsawo. Ka nemi izinin yin lissafin a bayyane, ka fara da abin da idonka yake gani.

Ga amsar da ya kamata in bayar a ranar nan. Ɗakin zai kai mita 5 a tsawo da mita 4 a faɗi, amma ba a jingina buhu da bango, ana barin kamar rabin mita ta kowane gefe saboda damshi da ɓeraye da kuma hanyar mai ƙirga kaya, don haka filin da ya rage mita 4 ne da mita 3. Buhu mai kilo 100 idan an kwantar da shi yakan ci kusan mita ɗaya a tsawo da rabin mita a faɗi, wato buhu 24 ke nan a shimfiɗa ɗaya. Idan aka ɗora su a kan katako aka jera hawa 8, ba tare da an kai rufi ba, za a sami buhu 192, a ce kusan ɗari biyu. Ko da lissafin ya kauce da buhu talatin babu wanda zai damu, domin a cikin amsar ka riga ka nuna cewa ka san kaya ba sa taɓa ƙasa, ba sa taɓa bango, kuma wannan shi ne ainihin aikin mai kula da sito.

Irin waɗannan tambayoyi daga manyan kamfanonin kwamfuta na Amurka suka yaɗu. An san Microsoft da tambayar me ya sa murfin ramin magudanar ruwa yake da'ira, Google kuma ya yi suna da tambayoyin ƙiyasta adadi, har zuwa shekarar 2013 da shugaban sashen ma'aikatansa na lokacin, Laszlo Bock, ya fito ya ce sun gano tambayoyin ba sa nuna wanda zai iya aiki. Masu abin sun saki, amma mu a nan har yau ana kwafo su daga intanet ana karanta wa mutane da fuska a murtuke. Wasu ma ba su da ma'ana ko kaɗan, kamar a ce maka da kai dabba ne wace dabba za ka zama. A ganina wannan ɓata lokaci ne, sai dai ba a wurin za ka faɗi haka ba. Ka zaɓi abu ɗaya, ka ɗaure shi da aikin cikin jimla biyu, ka bari a wuce gaba.

Inda tarbiyyarmu take karo da tsarin ofis

Wannan shi ne wurin da na fi ganin 'ya'yan Hausawa suna asarar maki alhali ba su yi laifin komai ba. An raine mu a kan cewa yaro ba ya kafa wa babba ido, ba ya zama kafin a ce ya zauna, ba ya ɗaga murya, kuma tun muna ƙanana muke jin cewa yabon kai jahilci ne. Sai ga shi ka shigo ɗakin da mutumin da ya zo daga Yawunde ko daga Turai yake fassara sunkuyar da kai a matsayin rashin gaskiya ko rashin ƙwarin gwiwa, kuma tambayarsa ta farko ita ce ka faɗi abin da ka fi kowa iyawa. Na taɓa zama kusa da wata baturiya da ta rubuta a takardarta cewa wani matashi "yana ɓoye wani abu", alhali yaron ladabi yake yi mata iyakar iyawarsa.

Ba sai ka zubar da kunyarka ba kafin ka tsallake wannan. Ka dubi fuskar wanda ya yi maka tambaya lokacin da ka fara amsawa da lokacin da za ka rufe, a tsakani kuwa kana iya duban takardarka ko sauran mutanen teburin. Maganar yabon kai kuma tana da mafita mai sauƙi, wato ka bar siffanta kanka, ka ba da labarin aikin. Maimakon ka ce kai mai amana ne, ka ce ka riƙe shagon kawunka shekara uku, kai ne mai rubuta shiga da fita, kuma ga yadda kake rufe lissafi kowace yamma. Wanda ya faɗi haka bai yabi kansa ba, shaida ya bayar.

Batun musabaha ma gara ka yanke shawara a kansa tun daga gida. Idan kai namiji ne da ba ka gaisawa hannu da mata, ko ke mace ce da ba kya ba maza hannu, to kada a bari sai an miƙo hannu sannan a fara inda-inda, domin barin hannun mutum a iska abin kunya ne gare shi a gaban abokan aikinsa. Tun daga bakin ƙofa a ɗora hannun dama a ƙirji, a ɗan rusuna, a yi gaisuwa da fara'a ga kowa da kowa iri ɗaya. Yawancin waɗanda suka zauna a arewa sun san wannan gaisuwar, kuma suna karɓarta.

Idan harshe ya juya a tsakiyar magana

Faransanci da Ingilishi su ne harsunan hukuma a Kamaru, amma wanda zai yi aiki da jama'a daga Ngaundere har Marwa ya san cewa Fillanci ne harshen kasuwa da asibiti, idan kuma aka nausa Kusiri da bakin tafkin Chadi sai Larabcin Shuwa ya karɓa. Tun da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijirar Najeriya na Minawawo kusa da Mokolo a shekarar 2013, Hausa da Barbarci da Ingilishi sun ƙara daraja a wurin ƙungiyoyin agaji. Saboda haka kada ka yi mamaki idan ana cikin Faransanci wani ya juya zuwa Fillanci babu gargaɗi, ko kuma a kira mai sharar ofis a ce ita uwa ce da ɗanta yake fama da tamowa, a ce ka yi mata bayanin yadda za ta ba shi abincin da likita ya rubuta. Na ga an yi wa wani haka, wanda ya rubuta a takardarsa cewa ya iya Fillanci sosai, ashe iyakarsa gaisuwa da cinikin tumatir. Matar ta yi ta yi masa tambaya yana murmushi.

Maganin wannan tun wurin rubuta takardar tarihin karatu da aiki yake farawa. Ka rubuta kowane harshe gwargwadon yadda ka iya shi, ka bambanta wanda kake ji da wanda kake iya bayani da shi. Idan an juya zuwa harshen da kake da rauni a ciki, ka amsa da ɗan abin da ka iya, sannan ka faɗi gaskiya cewa a nan ƙarfinka ya tsaya. Kada kuma ka raina Hausarka har ka ƙi rubuta ta, domin sau da yawa ita ce abin da sauran masu neman ba su da shi.

Ganawar zaure

Ba kowane aiki ake nema a ofis ba. Idan wurin babban ɗan kasuwa aka kai ka, mai motocin dakon kaya ko mai shagunan hatsi, to ganawar ba za ta yi kama da ganawa ba sam. Za ka cire takalmi a bakin zaure, ka durƙusa ka gaishe shi, ka zauna a ƙasa, wataƙila ka yi awa biyu yana sallamar wasu kamar bai san da kai ba. Idan ya waiwayo, ba zai tambayi digirinka ba. Zai ce, "Yaro, ɗan wane ne kai? A wace unguwa kuke? Wa ya san ka a nan?" Ka amsa da "ranka ya daɗe" ko "Baba Alhaji", ka faɗi sunan mahaifinka da na wanda zai tsaya maka, domin a wannan tsarin mai tsaya maka shi ne takardar shaidarka.

Gwajin kuwa yakan zo ne a ɓoye. Ana iya miƙo maka damin kuɗi a ce sefa dubu ɗari biyu ne, ka ƙirga ka kai wa wane, alhali an saka takardar dubu biyar ɗaya fiye da abin da aka faɗa. Ana iya aikenka sayen abu a ga ko za ka dawo da canji cif da kuma bayanin farashi. Ka ƙirga kuɗi a gaban wanda ya ba ka, da ƙarfi, kafin ka ɗaga daga wurin, ko da ya ce ba komai ka tafi kawai. Idan ka ga ƙari ko ragi ka faɗa nan take. Idan aka kawo abinci ka ci kaɗan cikin natsuwa, ƙin ci gaba ɗaya yakan zama kamar girman kai.

Shiru, katsalandan da dogon jira

Akwai masu ganawar da suke takura mutum da gangan don su ga yadda yake idan ransa ya ɓaci. Wanda ya fi shahara da wannan shi ne Admiral Hyman Rickover, wanda ya jagoranci shirin jiragen ruwan yaƙin Amurka masu aiki da nukiliya, wanda ya sa aka rage tsawon ƙafafun gaba na kujerar da masu neman aiki suke zama, don mutum ya riƙa zamewa yana ƙoƙarin amsa tambaya. Jimmy Carter ma, kafin ya zama shugaban ƙasa, ya bi ta gabansa. A nan ba a yanke ƙafar kujera, amma za ka gamu da wanda zai katse ka sau uku a jimla ɗaya, ko wanda zai ce amsarka ba daidai ba ce alhali daidai ce, ko kuma duka teburin su yi tsit bayan ka gama magana suna kallonka.

Shirun nan shi ya fi kayar da mutane, domin sai mutum ya ji dole ya cike shi, ya fara ƙara bayanin da ba a tambaye shi ba har ya warware abin da ya faɗa da kyau. Idan ka gama amsarka ka tsaya. Idan shirun ya yi yawa, ka tambaya cikin ladabi ko akwai ɓangaren da suke so ka faɗaɗa. Idan an musa maka abin da ka tabbata da shi, kada ka janye don neman yardarsu, kada kuma ka ɗaga murya, ka sake faɗin dalilinka sau ɗaya ka bar shi a nan.

Sai dai yawancin abin da ake ɗauka gwaji ne, rashin tsari ne tsagwaronsa. An ce ƙarfe takwas, darakta bai iso ba sai bayan azahar, ko kuma yana amsa waya kana tsakiyar magana. Ba za ka iya bambance su a lokacin ba, kuma ba ka bukatar bambancewa, tunda martanin ɗaya ne. Ka tafi da ruwan sha, ka ci wani abu kafin ka fito, kada ka sa wani alkawari a ranar, kuma idan lokacin salla ya yi ka sanar da sakatare kafin ka fita don kada a kira sunanka ba ka nan. Abin da bai kamata ka jure ba shi ne zagi ko cin mutuncin iyayenka ko addininka, domin wanda ya yi maka haka tun kafin ya fara biyanka albashi ba zai gyaru ba bayan ya fara.

Ganawa ta waya ko ta bidiyo kuma matsalarta a wurinmu wuta ce da layi. Lantarkin arewa ya dogara sosai da madatsar ruwan Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma idan ruwa ya ja baya da rani ɗaukewar wuta takan yawaita. Ka cika wayarka da caji tun dare, ka tanadi layi biyu na kamfanoni daban-daban, ka nemi ɗaki mai ƙofa, kuma a farkon ganawar ka gaya musu cewa idan layi ya yanke za ka kira ta lamba kaza.

Tambayoyin da suka shiga gida

Mata ne suka fi shan waɗannan: ko kina da aure, ko mijinki zai bar ki kwana a daji, ko kina da niyyar haihuwa nan kusa. Maza kuma akan tambaye su ƙabila ko jam'iyya. Ba dole ba ne a amsa tambayar yadda aka yi ta, ana iya amsa damuwar da ke bayanta. Idan an ce, "Hajiya, maigida zai yarda?" sai ki ce kin karanta sharuɗɗan aikin, har da tafiye-tafiyen da ke ciki, kuma kin shirya musu. Wanda ya tambayi jam'iyyarka ka ce masa ba ka haɗa aiki da siyasa. Mai hankali zai gane ya wuce, wanda ya nace kuwa ya nuna maka irin gidan da kake shirin shiga.

Inda ya kamata ka tashi

Alamar tarko ta farko ita ce kuɗi. Saƙo zai shigo ta WhatsApp ko Facebook da tambarin wata babbar ƙungiya, a ce an zaɓe ka, amma ka tura sefa dubu goma sha biyar ta waya don buɗe dosiye, wato fayil ɗin takardunka, ko gwajin lafiya ko rigar aiki. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suna rubutawa a sanarwarsu cewa ba sa karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar ma'aikata, kuma manyan ƙungiyoyin agaji haka suke. Gasar shiga aikin gwamnati, wadda muke kira konkur, ita tana da kuɗin rajista, amma adadinsa yana cikin sanarwar hukuma, kuma ana biya ne a inda sanarwar ta ambata a karɓi rasiɗi, ba a lambar wayar wani mutum ba. Idan kana shakkar wata sanarwa, ka taka zuwa ofishin ƙungiyar da ƙafarka, ko ka tambaya a ofishin Asusun Samar da Aikin Yi na Ƙasa, wato FNE, wanda aka kafa a 1990. Idan jami'in gwamnati ne ya nemi na goro don ya saka sunanka, hukumar yaƙi da cin hanci ta CONAC tana karɓar irin wannan ƙorafi.

Ta biyu ita ce wuri da lokaci. Ganawar da aka sa a ɗakin otal, ko a gidan mutum da dare, ko aka ce ki zo ke kaɗai kada ki gaya wa kowa, ba ganawar aiki ba ce. Ki nemi a mayar da ita ofis da rana, idan an ƙi ki haƙura da aikin. Dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta shekarar 2016 ta sanya matsa wa mutum da neman lalata ta hanyar amfani da muƙami cikin laifukan da ake ɗauri a kansu. Ko ganawar ta gaskiya ce, a bar wa wani a gida sunan wurin da lokacin da ake sa ran dawowa.

Haka nan kada ka bar wa kowa asalin takardunka, ko katin shaidar ɗan ƙasa ko fasfo ko takardar digiri. Ka tafi da su don a gani, ka bar kwafin da hukuma ta buga wa hatimi. Wanda ya ce zai riƙe fasfonka har sai ka isa wata ƙasa inda aiki yake jiranka, kuma ka biya kuɗin hanya tukuna, ka rabu da shi.

Akwai kuma tarkon da ya fi waɗannan laushi, wato a ce ganawar ita ce ka fara aiki a gani, sai mako ya zama wata, wata ya zama uku, babu albashi babu takarda. Gwajin awa ɗaya ko na yini guda, kamar a ba direba mota ya zagaya ko a ba akawu lissafi ya warware, abu ne da aka saba. Abin da ya wuce haka lokacin gwaji ne, kuma dokar ƙwadago ta 1992, a sashe na 28, ta ce sai an rubuta shi, kuma ba zai wuce wata 6 ba har da sabuntawa, in ban da manyan ma'aikata da ake iya kai nasu wata 8. Lokacin gwaji aiki ne da ake biya. Tun shekarar 2023 mafi ƙarancin albashi a kamfanoni masu zaman kansu sefa 60,000 ne a wata, a fannin noma kuma 45,000. Don haka idan an ce ka zo gobe ka fara, ka gode, sannan ka tambayi abu uku kafin ka fita: nawa ne albashin, yaushe za a sa hannu a kwantiragi, kuma ko za a yi maka rajista a asusun fansho na CNPS. Idan wanda ke gabanka ya ce waɗannan duk sai daga baya, ka roƙe shi ya rubuta maka ranar farawa da adadin kuɗin ko da a takarda ɗaya ce, ya sa hannu, ka ninke ta ka saka cikin dosiyenka.